Ranar da Gwaggo Ta Ɗaga Katifarta

Gadon Gwaggo Kalolaine ya rage tsawo.

Losaline ta tsaya a ƙofar ɗakin da tsintsiya a hannu tana kallonsa. Wani ba zai lura ba, amma ita kullum take gyara gadon nan. A ƙarƙashin katifar ne Gwaggo ke jibge dukiyarta, kamar kowace dattijuwar Tonga da ta san ciwon kanta: tabarmi masu laushi da kuma ngatu, zanen nan na ɓawon itace da mata ke bugawa a can gida. Yau katifar ta sauka da kusan taƙi guda.

Ta ɗaga gefe ta leƙa. Babban ngatun nan mai hoton kurciya babu shi.

To, ngatu ba ya barin gida haka siddan. Ko mutuwa, ko biki, ko za a je roƙon wani babban abu. Babu wanda ya mutu, da tuni wayar gidan ta ishi kowa. Biki kuwa, wa ke biki a Auckland bana, bayan wata uku ana kulle saboda korona?

Losaline, wadda kowa ke kira Line, tana da wata cuta tun ƙuruciya, cutar son sanin dalili. Ba ta iya jin mutum ya yi tsaki ta wuce, sai ta zauna ta warware abin da ya jawo. Cutar ce ta kai ta jami'a karatun halayyar ɗan Adam, ita ce kuma ta sa 'yan gidansu na unguwar Māngere ke kauda fuska in ta zuba musu ido.

Ta nufi kicin. Mama na kankare gwaza.

"Mama, ina Gwaggo ta je?"

"Ta fita."

"Da tabarmar da take ɗaurawa a ƙugu in za ta coci? Ranar Talata?"

"Sai ki bi ta ki tambaye ta."

"Naɗin ganyen gwaza da naman tunkiyar da kika gasa da safe fa? Na ga tiren babu komai."

Mama ta ajiye wuƙa. "Line, ɗauke min idon nan. Ni ba majinyaciyarki ba ce. Ki bari su ba ki takardar tukuna."

Ta sake ɗaukar wuƙar, amma gwazar da ta riga ta kankare take sake kankarewa. Line ta gani, ta adana a ranta.

Gwaggo Kalolaine yayar Baba ce, kuma a wurin mutanen Tonga babu wanda ke gaba da 'yar'uwar uba. Baba ƙato ne, direban bas da fasinjoji ke shakka, amma in Gwaggo ta yi gyaran murya sai ka ga ya koma ɗan yaro. Ta zo kwana biyu ne daga Wellington, kulle ya ritsa da ita, ta zauna ta karɓi mulkin gidan. A mako na biyu ta gano zancen Rohitesh.

Rohitesh Narayan ɗan Indiyawan Fiji ne da ke zaune a Papatoetoe. Tare suke aikin sa-kai da Line a layin wayar da masu damuwa ke kira, tare kuma suka nemi gurbin digirin digirgir na likitancin tunani.

"Ba'indiye?" in ji Gwaggo ranar. "Ba ya zuwa coci, ba ya jin harshenmu, an ce ko nama ba ya ci. In ya zo gaishe ni me zan ba shi, ciyawa? Ga Manase nan, ɗan fasto, mai kamfanin gini, shekara biyu yana bin ki kina ja masa aji."

Line ta yi kuka, ta yi roƙo, har ta yi yajin cin abinci na yini ɗaya da rabi. A ƙarshe Gwaggo ta yanke hukunci a gaban kowa.

"In jami'ar nan ta ɗauke ki, na san kanki ya isa ya zaɓa miki miji, yaron ya zo ya zauna a tsakar gidan nan mu gan shi. In ba ta ɗauke ki ba, boko ya isa haka. Ki buɗe kunne ki saurari Manase."

Gwaggo ba ta san abin da ta ɗora sharaɗinta a kai ba. Gurbi goma sha biyu ne tak. A da, mutum ɗari da 'yan kai ke nema, shi ma ana shan wuya. Bana sun haura ɗari huɗu. Waɗanda rufe iyakoki ya koro daga London da Melbourne sun dawo da manyan takardunsu, waɗanda aiki ya suɓuce wa sun tuna da makaranta, sannan duk wanda ya yi wata uku yana kallon bango ya wayi gari yana son ya zama mai gyaran zukatan mutane.

Ranar Juma'a sakamako ya fito. An ɗauki Rohitesh, a gwajinsa na uku. Line kuwa aka saka ta a jerin masu jira, ta biyu.

Da yammacin ranar dangi suka haɗu a kiran bidiyo, na Nuku'alofa, na Sydney, na Salt Lake, fuskoki kamar talatin a allon talabijin. Baba ya tambaye ta a gabansu. Ta buɗe baki don ta ce ta biyu, sai ta ji kanta tana cewa, "Ni ce a gaba. Mutum ɗaya ya janye, na shiga." Aka ɓarke da guɗa, wani kawu ya ja addu'a ta minti ashirin. Bayan an yi addu'a a kan magana, wa zai janye ta?

Rohitesh ma haka ta gaya masa. Yau Talata, ƙarfe biyar na yamma ne ƙarshen wa'adin karɓar gurbi, kuma tun safe take kiransa bai ɗauka ba.

Wajen ƙarfe uku motar Manase ta tsaya a ƙofar gida. Gwaggo ta sauko a hankali, sanye da baƙar rigarta ta coci, tabarmar ƙugunta mai tsada ɗaure da igiyar gashi. Hannunta babu ngatu, babu tire. Ta wuce Line kamar ba ta gan ta ba, amma tana 'yar waƙar coci ƙasa-ƙasa. Abin mamaki kuma, akwai ɗanyar ciyawa maƙale a bayan tabarmar.

Gaban Line ya faɗi. Ko gidan fasto aka kai ngatun? Ko an ba da ita ne ba ta sani ba?

Ta ƙarasa bakin motar, ta ja takunkuminta sama. Manase ya sauke gilashi. Kyakkyawa ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, kuma shi ma ya sani.

"Likita! Yau an tuna da talaka?"

"Manase, ina ka kai Gwaggo?"

"Ke da kike karanta zuciya, karanta tawa mana. Kyauta ce, ba sai kin nemi gurbi ba."

Ta dube shi sosai. In da gidansu aka kai kayan, da yanzu bakinsa ya ƙi rufuwa, da ya fito ya jingina da mota yana wasa da makulli. Amma ya kama sitiyari da hannu biyu, dariyar tasa ba ta wuce leɓe ba.

"Ba gidanku kuka je ba," ta ce.

"Kin ga abin da ya sa nake tsoronki ke nan." Ya sauke ajiyar zuciya. "Papatoetoe muka je. Wani gida mai jajayen tutoci a kan gora. Ni na ɗauki ngatun a kafaɗata na kai har ƙofar abokin takarata, kin ji aikin banza. Gwaggonki ta ce in kai ta, wa ya isa ya ce a'a?"

"Me ta je yi?"

"A mota aka ce in zauna. Amma ina da ido. Line, tsohuwar nan a ƙasa ta zauna, a kan ciyawa, a gaban yaron. Tun da nake ban taɓa ganin ta zauna ƙasa da kowa ba, har da babana." Ya tada mota. "Ko mene ne ta roƙa, ta samu. Tun daga can take waƙa. Ni dai ina nan, ban gaji ba. Gini na iya, na saba jiran siminti ya bushe."

Line ba ta tsaya jin ƙarshen ba.

Ta samu Gwaggo zaune a bakin gado tana kwance igiyar ƙugunta. Ta durƙusa a ƙasa kamar yadda aka koya mata.

"Gwaggo, me kika je yi gidansu Rohitesh?"

"Wa ya gaya miki? Manase, ko? Namiji da baki kamar rediyo." Ta naɗe igiyar a hannu. "Roƙo na je."

"Roƙon me?"

"Kujerarsa. Ta makarantar."

Line ta ji ɗakin ya juya mata.

"Na ce masa, yaro, ban zo da faɗa ba. A wurinmu in ɗan'uwa ya zo da tabarma a ƙugu ya roƙi abu, ba a tambayarsa dalili, ba a ce masa sai gobe. Gona ce, alade ne, ɗa ne ma, ana bayarwa. Kai ka ce kana son ka zama namu. To ga ni na zo, 'yata tana bakin ƙofa, kai kana ciki. Kai namiji ne, ka nema baɗi."

"Gwaggo!" Hawaye suka zubo mata. "Wannan ba alade ba ne! Ba a ɗauka a miƙa wa wanda ake so. Shekara uku yana nema, Gwaggo. Shekara uku yana jera kaya a kanti da rana don ya samu lokacin amsa wayar masu kuka."

"Ai shi ya sa ya zama roƙo. Abin da mutum ba ya so ba a zuwa masa da ngatu."

"Ba haka jami'a take aiki ba."

"Kada ki raina min hankali, na tambaya. Shi da bakinsa ya ce min ba ya iya rubuta sunanki, amma in ya tashi, na gaba a layi ke zama. To ba ke ce a gaba ba?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma biyu kawai za ta faɗa. Line ta kalli fuskar Gwaggo, ta kalli ciyawar da har yanzu ke maƙale a tabarmar. Sai kukan ya ƙaru.

Gwaggo ta ɗauka kukan tausayi ne. Ta miƙa hannu ta shafa kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Na zaci zai ƙi. Gaskiya na je ne don ya ƙi, in dawo in ce kin ga irinsu. Sai ya kalli uwarsa, ya dawo ya kalle ni. Ya ce, Gwaggo, tashi daga ƙasa, na ji. Ko ɗan Tonga na haihuwa iyakar abin da zai yi ke nan." Ta yi gyaran murya. "Na ce kada ya gaya miki sai an gama. Kyautar da aka yi wa shela ba kyauta ba ce."

Line ta kalli agogon bango. Uku da rabi. Ta miƙe ta fizgi makullin motar Mama.

"Ina zuwa?"

"Wurinsa."

"To tsaya in maida igiyata. Zan gayyace shi cin abincin Lahadi da bakina, kada a ce aike na yi."

Tafiyar minti goma sha biyar ce, Line ta yi ta tana addu'a ɗaya. Rohitesh mutum ne mai jan ƙafa, saƙon layi biyu sai ya karanta shi sau tara kafin ya aika. Allah ya sa yau ma halinsa ya cece shi. A gefenta Gwaggo na lissafa abin da za a iya dafa wa mutumin da ba ya cin nama, ta ambaci doya, ta ambaci ayaba, ta tsaya nan.

Ta faka nesa kaɗan da gidan mai jajayen tutoci. "Gwaggo, ki ba ni minti biyar."

Shi ya fito da kansa, dogo siriri, gilashinsa ya yi tururi saboda takunkumi. Ya tsaya ta cikin shinge, ita ta waje, taku biyu a tsakaninsu kamar yadda doka ta ce. A taga labule ya motsa, mahaifiyarsa ce.

"Ka aika?"

"Ko sannu babu?"

"Rohit, don Allah, ka aika?"

Idanunsa suka ƙanƙance, alamar yana murmushi. "Tun ƙarfe biyu. Ban ma sake karantawa ba, kin ga ci gaba. Har sun amsa. Sun ce sun gode, sun miƙa wa na gaba a jeri. Duba wayarki, Line. Duba mana, ina so in ga fuskarki."

Ba ta taɓa wayar ba.

"Kin san abin da ya ba ni mamaki?" ya ci gaba, bakinsa ya buɗe. "Shekara nawa nake karanta yadda mutum ke yanke shawara, littafi bisa littafi. Babu wanda ya ambaci tsohuwa mai shekara saba'in zaune a kan ciyawarka. Mahaifiyata ta fito mata da kujera, ta ƙi. Ta kawo shayi, ta ƙi. Ina kallonta ina tambayar kaina, wace irin ƙauna ce ke sa mai girman kai irin wannan ta sauko ƙasa? Na ce ina so in shiga gidan nan in gani da idona. Ki duba wayar mana."

"Babu abin da zai zo."

"Wataƙila sai gobe da safe, kin san ofis."

"Ba zai zo ba, Rohit." Muryarta ta karye. "Ba ni ce a gaba ba. Ni ce ta biyu."

Ya cire gilashinsa, ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya sake cirewa.

"Ta biyu," ya ce.

"Na so in faɗa. A gaban dangi ne ya suɓuce min, suka yi guɗa, suka yi addu'a, na rasa ta inda zan dawo da shi."

"Wato yanzu haka akwai wani gida a garin nan da ake tsalle."

"Ka rubuta musu! Ka ce kuskure ne, ka ce matsa maka aka yi."

"Sun riga sun ba wani, Line. In je in yi zaman ciyawa a ƙofarsa ni ma?"

"Har biyar da saura. In mutum ɗaya ya ƙara janyewa…"

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Mutum ɗari huɗu a kan kujera goma sha biyu. Wawa ɗaya ake samu a shekara, kuma ga shi a gabanki."

Ta kama shingen da hannu biyu tana kuka sosai, takunkumin ya jiƙe ya manne mata a fuska.

"Ka yafe min. Don Allah ka yafe min."

"Babanki na gane," ya ce a hankali. "Taron danginku na gane, ni ma ina da dangi. Amma ni fa? Ni ma taro ne?"

"Ka kasa yin murna! Ranar Juma'a ka kira ni kana ba ni haƙuri kamar wanda ya yi sata. Shekara uku kana jiran ranar, ka zo kana cewa yi haƙuri, yi haƙuri. Na ce in na ce maka saura ƙiris, za ka saki ranka ko na kwana ɗaya."

"Na kuwa saki." Ya waiwaya ya kalli tagar. "Mahaifiyata gida bakwai ta raba wa alewa ranar Asabar. Ɗazu da na danna aikawa ba ta hana ni ba. Ta ce dai, in yarinyar za ta shiga, ba a yi asara ba."

 Line da ke karanta fuskar kowa, ta ɗaga ido ta dubi tasa, rabi takunkumi, rabi gilashi, ba ta iya karanta komai ba. Ba fushi ta gani ba, da ta san yadda za ta yi da shi. Kallonta kawai yake yi irin na mai son gane abu, kamar yau ya fara ganinta, kuma wannan ya fi ba ta tsoro.

Minti biyar ɗin Gwaggo ya cika. Daga can cikin mota, inda ba ta jin ko kalma ɗaya, ta sauke gilashi ta leƙo da fara'arta.

"Ɗana!"

Su biyun suka juya. Ba ta taɓa kiransa da komai ba sai yaron nan.

"Lahadi, bayan an taso coci. A tsakar gida za mu zauna. Zan sa a dafa maka naka daban, babu nama ko ƙwalli. Ka zo da mahaifiyarka."

Rohitesh ya dubi tsohuwar, ya dubi Line. Hannunsa na kan sakatar shingen, bai buɗe ba, bai kuma sake ta ba.

Gwaggo ta jira. A shekara saba'in da ta yi a duniya ba ta taɓa gayyatar mutum sau biyu ba. Ta gyara zama, ta ƙarasa sauke gilashin har ƙasa.

"Ɗana," ta sake cewa, "ko ba ka ji ni ba ne?"